Wa Zai Ƙera Mana Jirgi? Labarin AVIC Da Darasinsa Ga Ɗalibin Zariya

 Yau sama za mu duba.

Duk wanda ya tashi a Zariya ya saba da ƙarar ƙananan jiragen nan da ke shawagi da hantsi. Ko kana Tudun Wada, ko Gyallesu, ko Samaru, za ka ga sun kewayo sun koma wajen Palladan. Na ɗaliban Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda muka fi sani da Abiyeshan, da aka kafa a 1964. Idan ka tambayi yara goma abin da suke so su zama bayan sun ga jirgin, kusan duk za su ce matuƙi. Da wuya ka ji wanda zai ce shi ƙera jirgin yake so ya yi. Wannan ne ya sa na kawo muku labarin wani kamfani na gwamnatin ƙasar Sin mai suna AVIC.

AVIC shi ne babban kamfanin ƙera jiragen sama na Sin, hedikwatarsa tana Bejin. Ya samo asali daga wata hukuma da gwamnati ta kafa a 1951, sannan a 2008 aka haɗe manyan kamfanoni biyu suka zama AVIC na yanzu. Ma'aikatansa sun kai 400,000, wato kusan adadin mutanen ƙaramar hukumar Zariya a ƙidayar 2006. Yana da masana'antu a birane daban-daban. Na Chengdu da Shenyang suna ƙera jiragen yaƙi, na Xi'an yana yin manyan jiragen dakon kaya da jirgin fasinja mai farfela MA60, na Harbin kuma jirage masu saukar ungulu da ƙaramin jirgin fasinja Y-12.

Me ya haɗa mu da shi? Ai mu ma masu saye ne a wurinsa. A 2005 Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen yaƙi 15 ƙirar Chengdu: 12 samfurin F-7NI, sauran 3 kuma masu kujera biyu na horaswa. A 2020 rundunar sojin sama ta karɓi jirage marasa matuƙi samfurin Wing Loong II. A watan Mayun 2021 kuma aka ƙaddamar da jiragen JF-17 guda 3 a Makurɗi, waɗanda Fakistan da masana'antar Chengdu suka haɗa hannu wajen tsarawa.

To, ga inda labarin ya fi jan hankalina. Jirgin yaƙi mai injin jet na farko da Sin ta ƙera, J-5, ya tashi ne a 1956, kuma kwafi ne na MiG-17 ɗin Tarayyar Sobiyat. J-7, wanda ya tashi a 1966, kwafi ne na MiG-21. Mu ma mun san waɗannan jirage biyu. Najeriya ta yi amfani da MiG-17 a yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ta kuma sayi MiG-21 a shekarun 1970. Da namu suka tsufa, kayan safaya suka yi wuya, sai aka ajiye su. Me muka saya a madadinsu? F-7NI, wato jikan J-7 ɗin nan. A taƙaice, wurin malami ɗaya muka je mu da su. Mu mun koyi tuƙawa, su sun koyi tuƙawa da ƙerawa, ƙarshe muka koma muna saye a hannun ɗan ajinmu.

Kada ku ɗauka abin ya zo musu da sauƙi. A 1960 dangantaka ta yi tsami tsakanin Sin da Sobiyat, aka kwashe ƙwararrun Sobiyat da ke koyar da su. Takardun MiG-21 da aka ba su daga baya ma ba su cika ba. Dole injiniyoyinsu suka zauna suka warware jirgin gunduwa-gunduwa, suna aunawa, suna zanawa, suna gwada ƙarfe, har suka gane dalilin da ya sa aka yi kowane sashe yadda aka yi shi. Sun iya yin haka ne saboda tun 1952 ƙasar ta buɗe kwalejojin ilimin jirgin sama a Bejin da Nanjing, don haka akwai matasan da suka san lissafin abin. Duk da haka, sai a 1998 jirgin J-10 ya tashi, a 2011 kuma J-20. Daga J-5 zuwa J-10 shekara 42 ke nan. Yaron da ya shiga masana'anta da ƙuruciyarsa, da furfura ya ga wannan rana.

Har yau ba su gama koyo ba. Injin shi ne ya fi komai wuya a jikin jirgi, domin ƙarfen da ke cikinsa yana juyawa da matuƙar gudu cikin zafin da zai lanƙwasa ƙarfen da muka saba gani. Shi ya sa JF-17 ɗin da muka saya injin Rasha ne a cikinsa. Babban jirgin fasinjansu C919, wanda wani kamfanin gwamnati daban mai suna COMAC ya haɗa, AVIC kuma ya ƙera manyan sassan gangar jikinsa, ya fara ɗaukar fasinja a watan Mayun 2023 da injin haɗin guiwar Amurka da Faransa. An kuma sha zarginsu da kwaikwayon fasahar wasu ba da izini ba. Ba na kawo muku su ba ne don sun fi kowa tsarki. Abin ɗauka a wurinsu shi ne, ba su yarda saye ya zama ƙarshen magana ba.

Mu ma fa ba a zaune kawai muke ba. A shekarun 1990 an harhaɗa ƙananan jiragen horaswa 60 masu suna Air Beetle a nan Kaduna, daga sassan da aka kawo daga Amurka. A 2013 sojin sama suka nuna jirgi maras matuƙi mai suna Gulma, a Fabrairun 2018 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da Tsaigumi a Kaduna, wanda aka yi da taimakon wani kamfanin Fotugal. Ku lura, duk sunayen biyu na Hausa ne. Matsalarmu ita ce mukan fara, a yi biki, a tafa, sai a daɗe ba a ji ɗuriyar abin ba. Kuma zanen aro ba ya rufe katara: jirgin da ba ka iya yin safayarsa, ranar da mai shi ya juya maka baya, ya zama kayan kallo a filin jirgi.

To ina ruwan ɗalibin sakandare da wannan? Ruwanka ne tsundum, musamman ku 'yan aji uku na ƙaramar sakandare da za ku zaɓi ɓangare. Jirgi ɗaya matuƙi ɗaya ko biyu yake buƙata, amma mutanen da ke bayansa ba su ƙirguwa da yatsu: mai zane, masanin ƙarfe, ɗan walda, mai haɗa wayoyin lantarki, mai rubuta manhajar kwamfuta, da makaniken da sai ya sa hannu a takarda kafin jirgi ya tashi. Kwas ɗin tuƙi miliyoyin naira yake ci, ba kowane gida ne zai iya ba. Sauran ƙofofin kuwa suna kusa da mu. Abiyeshan tana horar da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu kula da zirga-zirgar jirage, da masu kula da na'urorin sadarwa. Jami'ar Ahmadu Bello tana koyar da injiniyancin injuna, da na lantarki, da na sarrafa ƙarafa, da na kwamfuta. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli tana da kwasa-kwasan injiniyanci na difloma. A Kaduna akwai cibiyar fasaha ta sojin sama, AFIT, wadda ke ɗaukar farar hula ta hanyar JAMB, kuma tana koyar da injiniyancin jirgin sama kansa.

Mabuɗin waɗannan ƙofofi kusan iri ɗaya ne: kiredit a lissafi, fiziks, kemistiri da Turanci a WAEC ko NECO. Saboda haka ga shawarata. Kada ka gudu daga ajin kimiyya don an ce lissafi yana da wuya. Ka nemi abokan karatu uku ko huɗu ku riƙa warware tambayoyin shekarun baya tare. Idan makarantarku tana koyar da zanen fasaha, ka riƙe shi da kyau, domin da zane injiniyoyi ke magana da juna. Idan an yi hutu, ka nemi izinin iyaye ka je garejin makanike, ko shagon walda, ko wurin mai gyaran janareta a unguwarku. Ka riƙa tambaya: me ya sa wannan notin ya fi wancan kauri? Irin tambayar da mutanen Shenyang suka yi wa MiG-21 ke nan. Kuma amsar da aka saya a zauren jarrabawa ba ta ɗaure noti; a aikin jirgi, kuskure ɗaya rayuka yake ci.

Ƙannena mata, da ku nake. Kyaftin Chinyere Kalu, mace ta farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, a nan Zariya ta yi karatu, daga baya kuma ta shugabanci kwalejin. Babu abin da zai hana 'yar Tudun Wada ko Ƙofar Doka zama injiniyar da ke duba injin jirgi.

Ɗalibin da ke aji ɗaya na babbar sakandare yau, nan da shekara 10 zai iya zama injiniya mai lasisi. Ko a lokacin za mu fara yin safayar jiragenmu da kanmu, ko za mu ci gaba da jiran a aiko mana daga Chengdu, wani ɓangare na amsar yana cikin darussan da za ku zaɓa a zangon nan.

Allah ya ba da sa'ar karatu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.