Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ƙungiyar Likitocin Dabbobi Ta Najeriya

Ina so in ja hankalinku kan wata na'ura da ta fara shiga gidajen masu kiwon kyanwa a manyan biranenmu, wato akwatin bahayar kyanwa mai kwashe kashi da kansa. Kamfanin Whisker na Amurka mai yin Litter-Robot da Petkit na China suna cikin waɗanda suka yi suna a kansa, sai kuma tarin wasu marasa suna masu araha. Ta intanet ake odarsa, ya iso da ɗan littafin bayani cikin harshen da mai wanke shi ba lallai ya iya karantawa ba.

Aikinsa ba wuya. Kyanwa ta shiga, na'urar ta ji nauyinta, bayan ta fita da 'yan mintuna gangar da yashi ke ciki ta juya ta tace shi, ta zuba dunƙulen kashi da fitsari cikin wata durowa a ƙasa. Mai gida ya ga yashi tas, sai ya ɗauka an gama. Ai kuwa ƙazantar tana nan, ɓoye ta kawai aka yi.

Ranku ya daɗe, kun fi ni sanin ƙwayar cutar toksoplasma, wadda aka gano a Tunis tun 1908. Ƙwayayenta da ke fita cikin kashin kyanwa ba sa kama mutum nan take, sai sun yi kwana ɗaya zuwa biyar a waje. Shi ya sa hukumar CDC ta Amurka ke cewa a riƙa kwashe kashin kullum. To amma abin da ake yi wa wannan akwati talla da shi, shi ne za ka iya yin mako ba ka taɓa durowar ba. Ke nan duk ranar da aka jawo ta, an ba ƙwayoyin isasshen lokacin nuna. Kuma wa ke jawowa? Sau da yawa 'yar aiki ce ko yaron gida, wani lokaci uwargida mai juna biyu, hannu ba safa, ta ɗaure bakin ledar ta koma kan tukunya. Idan mace ta kamu tana da ciki, cutar na iya ratsa mahaifa ta jawo ɓari, ko ta lahanta ido da ƙwaƙwalwar jariri. Ba ina neman a kori kyanwa daga gida ba ne, domin galibi makonni kaɗan take yi tana zubar da ƙwayoyin bayan kamuwar farko, kuma wadda ba ta cin ɗanyen nama ko ɓera haɗarinta kaɗan ne. Abin da nake so a gaya wa mutane shi ne a zubar da durowar kullum, a sa safar hannu, a wanke hannu da sabulu, mai ciki kuma ta bar wa wani aikin.

Akwai wani haɗarin da ya fi damun mu a nan, wato halin wutarmu. An ɗauke wuta, na'ura ta yi shiru, yarinya ta cusa hannu har kafaɗa tana goge cikin ganga, ga filogi a soket. Aka kawo wuta ko aka tada janareta, ganga na iya motsawa. Don haka matakin farko, kafin ruwa kafin soso, shi ne a zare filogi. Gangar da durowar ake cirewa a wanke da ruwan zafi da sabulu marar ƙamshi, a shanya su bushe sarai. Gindin da ke ɗauke da inji da wayoyi kuwa bai kamata ruwa ya taɓa shi ba, busasshen ƙyalle ya ishe shi, a kuma share ƙurar da ke rufe idon na'urar, don shi ne ke hana ta juyawa kyanwa na ciki.

Sai batun abin wanki. Mun saba duk inda ake wari a kwarara Izal ko Dettol, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa sinadaran dangin fenol da ke cikin irinsu. Ta taka ta lashe tafinta, guba ta shiga. Hypo kuma idan ya haɗu da amoniyar tsohon fitsari, iska mai ƙona ido da huhu ke tashi, balle a ƙaramin banɗaki marar taga.

Ita kanta na'urar ma tana iya cutar da kyanwa: a 2024 an yi ta ba da rahoton kyanwoyin da suka mutu a ƙasashen waje bayan ƙofar wasu akwatuna masu araha ta matse su. 'Yan ƙananan kyanwoyi ma nauyinsu bai isa na'urar ta ji su ba, bai dace a bar musu ita a kunne ba.

Roƙona gare ku shi ne ku fitar da taƙaitaccen bayani da Hausa da hotuna, a liƙa a asibitocin dabbobi da shagunan da ke sayar da abincin kyanwa, a kuma karanta a rediyo. Sannan ku haɗa kai da hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, duk akwatin da ba ya tsayawa cak idan ya ji kyanwa ko hannu a bakinsa, kada a bari ya shigo kasuwa.

Wassalam.