Ku miƙa wa ƴaƴanmu mata baka

Jama'ar Yekuwa. Mutanen Magariya da Dungas, na Bande da Waca, na Dogo-Dogo da Malawa. Iyayena maza, iyayena mata, yayye da ƙanne, ku ba ni aron hankalinku. Maganar baka da kibiya na zo da ita, kuma a kan ƴaƴanmu mata zan yi ta.

Ku shiga ɗakunan tsofaffin maharbanmu ku ɗaga kai. Ga baka nan rataye. Tsarkiya ta saki, kwari ya sha ƙura. Dawan farauta ya zama gona, namun daji sun ƙaura. Tsoho yana nan da saninsa, amma babu mai zuwa koyo, don samarin sun tafi ci-rani, wasu Kano, wasu Libiya, wasu Aljeriya. Yau in ka ji an ambaci kibiya a yankin nan, gabanka ne zai faɗi, don ka san rikici ya tashi tsakanin mai gona da mai garke. Abin da ya ciyar da gidaje, ya tsare garuruwa, haka za mu zuba masa ido ya mutu?

To ku ji abin da baka ya yi wa wata ƴar talakawa a ƙasar Indiya.

Sunanta Dipika Kumari. An haife ta a 1994, a wani ƙauye kusa da birnin Ranci, a jihar Jarkand. Babanta tuƙin adaidaita sahu yake yi. Uwarta ma'aikaciyar jinya ce. Yarinya ta taso tana jifan mangwaro da dutse, in ta nuna ɗa sai ya faɗo. Bakanta na farko na gora ne, haɗin gida. A 2005 ta bar gaban iyayenta ta tafi wata ƙaramar makarantar koyon harbi a garin Karsawan, ga ta ƴar ramammiya, har aka so a mayar da ita gida. Ta roƙa a gwada ta wata uku. Aka gwada ta. Shekara na zagayowa, makarantar harbi ta kamfanin Tata da ke Jamshedpur ta ɗauke ta, ta ba ta baka na zamani, da kayan sawa, da abinci, da kuɗin Indiya rupi 500 duk wata.

Sai ku bi lissafin. A 2009, tana da shekara 15, ta cinye gasar duniya ta yara a Amurka. A 2010, a birnin Delhi, ta ɗauki zinare biyu a gasar ƙasashe rainon Ingila. A 2012 ta zama ta ɗaya cikin mata maharba na duniya baki ɗaya. A 2021, a birnin Faris, ta kwashe zinare uku a yini guda. Sau huɗu tana zuwa gasar Olamfik. A can dai har yanzu lambar yabo ba ta zo hannunta ba, kuma ta sha kuka a kai, amma ba ta taɓa rataye bakan ba.

Yanzu ku faɗa mini tsakani da Allah: cikin ƴan matan Yekuwa, babu mai kaɗo kanya da jifa ɗaya? Babu mai korar tsuntsu daga gonar gero da danƙo? Akwai su! Kun san su, kun san gidajensu. Wata tana can da farantin talla a ka, tana zagaya tasha. Wata tana bakin rijiya tun asuba, kafaɗarta ta ƙulle da jan guga. Ido akwai. Ƙarfi akwai. Haƙuri kuwa, wa zai koya wa ƴar ƙauyenmu haƙuri? Abu biyu Dipika ta samu: wurin koyo, da iyayen da suka ce je ki. Duka biyun a hannunmu suke.

Kada wani ya ce wannan sai Indiya. Ga maƙwabciyarmu Cadi nan. Ƴarsu Marlyse Hourtou ta tsaya da bakanta a gasar Olamfik ta Tokiyo, tutar ƙasarta a ƙirjinta. Cadi ta fi mu ruwa ne, ko ta fi mu kuɗi? Mu kuwa Nijar, lamba biyu kacal muka taɓa samu a Olamfik: tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972, da azurfar Abdul Razak Alfaga a takwando a 2016. Shekara 44 tsakani, kuma duka maza. Da Aminatu Seyni, ƴar Dosso, ta samu fili, ta zo ta huɗu a tseren mita 200 na gasar duniya a 2022. Fili kawai aka ba ta.

Na san abin da ke ran wasu iyaye, kuma ban raina shi ba. Baba zai ce, ina mutunci, ina sutura? Baba, wannan wasa ba a tuɓe riga, ba a kama jikin kowa. Yarinya za ta tsaya a layi da suturarta, ta ja, ta saki, ta koma ta zauna. Zahra Nemati ta Iran da lulluɓinta ta ci zinare sau uku a gasar Olamfik ta naƙasassu, a 2012 da 2016 da kuma ta Tokiyo, tana zaune a keken guragu. Ku tambayi malamanmu matsayin koyon harbi a addini. Ku tambaye su wane ne Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, kuma da me ya yi suna.

Inna za ta ce, wa zai auri mace mai harbi? Inna, Dipika ta yi aure a 2020, mijinta ma maharbi ne. Ta haihu a ƙarshen 2022. Ta goya, ta shayar, ta koma fili, ta je Olamfik ta 2024. Kuma mu da ƙasarmu ta haifi Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya a Lugu a 1899 da ƴan bakanta a gaban bindigogin Faransa, mu ne za mu ce baka ya fi ƙarfin mace?

Har yarinyar da kuke ganin ba ta da rabo, kada ku cire ta. Shital Devi, ita ma ƴar Indiya, an haife ta a 2007 ba hannu ko ɗaya. Da ƙafa take ɗaga baka, da kafaɗa take jan tsarkiya. Tana da shekara 17 ta ci tagulla a gasar Olamfik ta naƙasassu a Faris a 2024, a 2025 kuma ta zama zakarar duniya a gasar naƙasassu. Ku tuna da ita duk ranar da kuka ga an ɗora wa yarinya mai lalura ƙoƙon bara.

Ga yadda wasan yake. A Olamfik, tsakanin mai harbi da abin bara mita 70 ne. Faɗin allon santimita 122. Tsakiyarsa, mai maki goma, santimita 12 da ɗan ɗori, kamar tafin hannun babba. Kibiya 72 ake saki a zagayen farko, a tara maki. Amma mai koyo ba daga nan take farawa ba. Taku goma ya isa. In kibiyoyinta sun fara taruwa wuri ɗaya, a ƙara mata taku biyar. Haka ake tafiya har a kai.

To me muke jira? Tun yana ɗanye ake tanƙwara icce.

Sarkin Baka, ranka ya daɗe, da kai za a fara. Tara mutanenka. Ku sauko da bakunan nan, ku sake musu tsarkiya. Ku sassaƙa ƙanana masu laushi daidai hannun ƴar shekara goma. Ku yanko kyauro, ku gyara kibiya mai dakusasshen baki. Ba dafi! Ba kunne! Wannan ta wasa ce. Makiyaya, ƴan'uwanmu na ruga, ku ma kun san hannu, ku zo ku koyar. Gara mu haɗu a filin gasa, mu yi wa juna tafi.

Malaman lakwal, ku ware yamma ɗaya a mako. Ku cusa buhu da ƙaiƙayi, ku ɗaure shi tam, ku zana da'ira da gawayi, ku jingina shi da katanga. Ku ja layi a ƙasa. Doka ɗaya ce, kuma kada a sassauta ta: ba mai tsallake layi sai kowa ya ajiye baka. Ku sami littafi ku riƙa rubuta sunan kowace yarinya da makinta, mako bayan mako. Ranar da masu neman gwanaye suka zo daga Damagaram ko Yamai, wannan littafin ne zai yi magana.

Iyaye mata, ku sauke mata farantin talla na awa biyu. Awa biyu rak! In hankalinku bai kwanta ba, ku bi ta filin, ku shimfiɗa tabarma, ku kalla da idonku. Ƙungiyoyin adashi, ku ɗauki nauyin yarinya ɗaya. Ƴan kasuwa, jika ɗaya ba za ta karya jarinku ba. Ƴan ci-rani, in kun tashi aiko da kuɗin gida, ku ɗora wani abu a kai ku ce na filin harbi ne.

Magajin gari, muna son fili, kuma muna son takarda, don kowa ya san abin a bayyane ake yin sa da sanin hukuma. Masu sarauta, ku sa albarka. Ranar hawan salla, ko bayan an kai amfanin gona rumbu, a buga ganga a yi gasa. Yekuwa ta kara da Bande. Magariya ta kara da Dungas. A ba wadda ta ci turmin atamfa da littattafai, a kira sunan babanta a rediyo. Kokawar da yau ake cika filin Langa-Langa na Damagaram domin ta, ai a dandalin ƙauye ta girma kafin a kafa gasar takobi ta ƙasa a 1975.

Ke kuma ƙanwata, ke da ake wannan magana dominki, kada ki tsaya jiran a kira ki. Ki gaya wa Inna yau. Ki gaya wa Baba da daddare in ya ci tuwo. Ki jawo ƙawarki. Tsarkiya za ta mare ki a hannu, yatsunki za su yi kanta, kibiyar farko za ta faɗi ƙasa, samari za su yi dariya. Ki ɗauka ki sake. Ki sake. Ki sake!

Jama'a, kada a watse daga masallacin Juma'ar nan sai an tsayar da fili da rana. Mai baka ya kawo baka. Mai buhu ya kawo buhu. Mai ƴa ya kamo hannunta ya kawo ta.