Jirgin kwamfuta ma yana son gyara

Tun 1997 masu aikin sa-kai ke gina FlightGear, manhajar koyon tuƙin jirgin sama wadda kowa ke iya ɗauka kyauta, ya kuma gyara ta. Ƙashin bayanta lissafin tashi ne, irin JSBSim na Jon Berndt, mai auna nauyin jirgi, ƙarfin inji da halin iska.

A zafin bazara irin na Tibiri, iska takan rage kauri, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Lissafin da ya manta wannan, ƙarya zai koya wa ɗalibi. Don haka gyara ba ya ƙarewa.

Ya kamata ɗaliban makarantar EAMAC ta Yamai su sa hannu. Rijiyar gari, in babu mai yashe ta, rairayi ke cike ta.