In Ɗanki Ya Ce Zai Zaunar Da Tsohuwar A-kori-kurar Gida

 Yau maganar mota za mu yi, kuma na san wata za ta ce ina ruwan biri da gada. Ki ɗan dakata tukuna. Idan akwai tsohuwar a-kori-kura a ƙofar gidanku, ta maigida ce ko ta gado, kuma kina da saurayin ɗa mai waya a hannu, balle wanda ke zuwa gareji koyon aiki, to maganar ta shafe ki. Bidiyoyi na yawo a TikTok da YouTube na tsofaffin motocin ɗaukar kaya da aka saukar da su ƙasa har cikinsu ya kusa shafar kwalta, an fesa musu fenti suna ta ƙyalli. Yaro in ya kalli irin wannan sau goma, sai ki ga ya fara leƙen ƙarƙashin motar babansa. Abin da zai zo miki da shi kuma shi ne: "Umma, ai ba wani kuɗi za a kashe ba." Wannan maganar ce abin tsoron.

Ki fara sanin inda abin ya fito. Al'ada ce ta Amurkawa 'yan asalin Meziko a birnin Los Anjalas, tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Su manufarsu ba gudu ba ce, a sauke mota ƙasa ne a riƙa tafiya sannu sannu kowa ya ga ado. A 1958 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a tuƙa motar da aka gyara har wani sashe nata ya fi gefen ƙarfen taya kusa da ƙasa. Sai masu abin suka nemo dabara, suka ɗauko famfunan tsofaffin jiragen sama suka sa wa motocin, in sun hango ɗan sanda su ɗaga, in ya wuce su sauke. Sai a farkon 2024 aka janye wannan dokar. Motocin da ɗanki ke kallo, irin su Chevrolet C10, yawanci na nishaɗi ne. Mai ita yana da wata motar zuwa aiki, titinsa shimfiɗaɗɗe ne, kuma ba ya ɗora mata buhun masara.

Ita kuwa Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna, ko tsohuwar Hilux, tsayin nan da kike gani ba don ado aka yi shi ba. Shi ne ke ba ta damar ɗaukar kaya ta nutse kaɗan, ta faɗa rami ta fito, ta haura tudun rage gudu ba ta kankare cikinta ba. A ƙarƙashinta akwai kwanon baƙin mai da salansa da bututun birki. In kwanon nan ya daki dutse ya fashe, man ya tsiyaye direba bai lura ba, inji ya tafi ke nan.

Yanzu ga hanyoyin arha, su ne nake so ki haddace sunansu, don in kin ji an ambata ki san inda aka dosa.

Ta farko, kuma mafi muni, ita ce a kai motar wurin mai walda ya gasa sifirin da wuta har ya yi laushi motar ta zauna. Ƙarfen sifirin tun daga masana'anta aka gasa shi aka sanyaya shi da ƙa'ida, shi ya sa yake lanƙwasa ya dawo. Da zarar an sake yi masa wuta, wannan ƙarfin ya tafi. Zai ci gaba da zama, gefe ɗaya ya fi ɗaya, kuma yana iya karyewa ana cikin tafiya, babu sallama. Wannan babu ciniki a kanta, ko da kyauta za a yi.

Ta biyu ita ce yanke sifirin gaba mai naɗi. Motar takan sauka, amma sifirin yana ƙara tauri, wani lokacin kuma ba ya zama daidai a mazauninsa, sai ya goce idan tayar ta faɗa rami. Ta uku ita ce zare ɗaya ko biyu daga faifayen ƙarfen da aka jera a baya. Waɗannan faifayen su ke riƙe da nauyin kaya. An zare su, motar da ke ɗaukar buhu goma ta koma ba ta iya ɗaukar su kamar da.

Akwai hanyoyin da masu sana'ar suka yarda da su. A wasu tsofaffin Toyota da Nissan, gaban motar a kan wata doguwar sandar ƙarfe mai murɗawa yake, kuma tana da noti da ake sassautawa motar ta ɗan sauka, in an ga dama a mayar. A baya kuma ana sa wani tubalin ƙarfe tsakanin faifayen da ƙarfen da ya haɗa tayoyin biyu, amma sai in ƙirar motar ta ba da dama, kuma da sababbin ƙusoshin ɗauri, ba tsofaffin da suka gaji ba. Inci biyu, wato kamar santimita 5, shi ne iyakar abin da zan ce a yi wa motar da ke bin hanyoyinmu. In aka zarce haka sosai, akan kai ga yankan ƙashin motar, wannan kuwa ba aikin ɗan koyo ba ne.

Abin da yaro ba zai faɗa miki ba shi ne kuɗin da ke biyo baya. Sai an sake saitin tayoyi, in ba haka ba su cinye ta gefe ɗaya cikin 'yan watanni. Sau da yawa sai an sayi gajerun shok. Sai an gyara saitin fitilun gaba. Wasu motocin ma suna da wata 'yar na'ura a baya da ke auna nauyin kaya ta ƙara wa birkin baya ƙarfi. In motar ta sauka sai na'urar ta ɗauka kaya aka lafta, birkin baya ya riƙa kamawa fiye da kima, motar ta juya da mutum a kan jiƙaƙƙen titi. Ki ce ya rubuto miki farashin duk waɗannan a takarda kafin a taɓa ko noti ɗaya. Sau da yawa lissafin kaɗai ya isa ya sanyaya masa jiki.

Ga kuma gwajin da ke da kanki za ki iya, ba sai kin san kanikanci ba. Tsohuwar dokar nan ta Kalifoniya akwai hikima a cikinta. Ki tsuguna a gefen motar ki duba: idan akwai wani ƙarfe a ƙarƙashinta da ya fi gefen ƙarfen taya kusa da ƙasa, to ranar da taya ta fashe wannan ƙarfen ne zai fara cakar titi, sitiyari kuma ya daina jin magana. Kada ta fita a haka. Sannan duk ranar da kika ga ɗanki kwance ƙarƙashin mota jak kaɗai ke riƙe da ita, babu wani abu mai ƙarfi da aka tokare ta da shi, ki fito da shi nan take, ko abokansa na wurin.

Ni a ganina, motar da ake cin abinci da ita a bar ta a tsayinta. Amma kada ki kashe wa yaron gwiwa, don sha'awar gyaran mota sana'a ce ke leƙowa. In yana da 'yan kuɗinsa, ya fara da birki da tayoyi da robobin ƙafar mota da suka mutu, sannan ya zo kan fenti da kujeru, inda zai yi adonsa son ransa. Ki kuma nemi ubangidansa na gareji ku yi magana, domin abin da ya ƙi ji daga bakinki yakan ji shi daga bakin oga.

Matan kanikawa da na direbobi da ke karanta mu, ku tambayo mana su ko an taɓa kawo musu irin wannan aikin da yadda aka ƙare, ku rubuto a ƙasa.