Kujerar alfarma: Ma'aikacin da sai ya roƙi wurin zama kafin ya isa bakin aikinsa

A tashar motar Ƙaura Namoda, kamar sauran tashoshin Arewa, mota ba ta tashi sai ta cika. Wannan kowa ya sani. Waɗanda ba a cika lura da su ba su ne mutanen da ke tsaye a gefe tun da sanyin safiya, ba su biya kuɗin kujera ba, ba su kuma da niyyar komawa gida.

A cikinsu akwai direban da motarsa ta kwana a Shinkafi, iyalinsa kuma suna Ƙaura. Akwai yaron mota da maigidansa ke jira a Zurmi za su yi lodi. Su ne ake ce wa sitaf, ko 'yan gida. Ba sa biya, ko kuma su biya rabi, amma fa sai in an samu gurbi. Wanda zai ce an samu ko ba a samu ba kuwa shi ne ɗan kamasho.

Zai ba wasu mamaki su ji cewa matuƙin jirgin sama a Amurka, da kakinsa da hularsa, yana yin irin wannan tsayuwar.

Da yawa daga cikin matuƙa da ma'aikatan cikin jirgi a can ba sa zaune a garin da kamfani ya ajiye su. Kamfani ba ya ɗaukar nauyin zuwansu aiki. Abin da ya ba su shi ne damar hawa jirgi kyauta, ko da ɗan kuɗi kaɗan, idan kujera ta yi saura. Sai mutum ya sa sunansa a jerin masu jiran gurbi, ya raɓe kusa da teburin ma'aikacin ƙofa, wato wanda ke duba tikiti yana shigar da fasinjoji.

Ana saura 'yan mintoci a rufe ƙofa, ma'aikacin zai ƙirga fasinjojin da ba su zo ba, sannan ya fara kiran sunaye. Wasu kamfanoni suna bin daɗewa a aiki, wasu suna bin wanda ya riga yin rajista. Idan kujeru sun ƙare, akwai 'yar kujerar naɗewa a ɗakin tuƙi, ita kuma sai kyaftin ya yarda. Wani lokaci ma kujera na nan babu kowa, amma a ce jirgi ya yi nauyi, a bar mutum yana kallo ta gilashi.

Ƙorafin da ake yi a can da wanda ake yi a Ƙaura kamar an kwafa. Mai jiran gurbi ya ce mai ƙofa yana da wulaƙanci, ya ga mutum ya kau da kai, ya rufe ƙofa alhali da wuri. Mai ƙofa ya ce shi agogo ne ke binsa, idan jirgi ya makara sunansa za a rubuta, ga fasinjoji ɗari da wani abu kowa da buƙatarsa, sannan wanda bai biya ko sisi ba ya zo yana masa tsawa.

An bar jaki ana dukan taiki

Ɗan kamasho ba waliyyi ba ne. Akwai masu son kai a cikinsu, akwai wanda zai tsallake mutumin da ya zo tun asuba ya ɗora ɗan unguwarsu, akwai wanda sai an yi masa “Oga, a taimaka” sau biyar kafin ya ɗago ido. Amma idan aka tsaya a nan, an bar jaki ana dukan taiki.

A duba lissafinsa. Motoci suna lodi ne bisa layi, kuma abin da zai samu yana fitowa ne daga kuɗin da aka tara a motar. Direban da ake yi wa lodin yana da balas da zai kai wa mai mota, ga mai, ga tikitin yuniyan, ga abin da za a miƙa a shingayen hanya. A Golf da ke ɗaukar mutum biyu a gaba huɗu a baya, kujera ɗaya kashi ɗaya ce cikin shida na kuɗin tafiyar baki ɗaya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar da ba ta kai Naira 200 ba ta ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa. Alfarmar da a da ake yi ba tare da tunani ba, yanzu sai an yi lissafi.

Don haka idan ɗan kamasho ya ce wa ɗan'uwansa direba “Malam, ka yi haƙuri ka jira ta baya,” sau da yawa aljihun wani yake karewa. Aibin tsarin shi ne babu abin da aka rubuta. Ba a san wa zai riga wa ba, ba a san mota nawa mutum zai jira ba, kuma duk abin da ba shi da ƙa'ida, fuska ce ke yanke shi. Wanda ya iya dariya da ciyaman ya tafi da motar farko. Mai kunya ya kai azahar.

Wani zai ce ai su suka zaɓi zama nesa da wurin aikinsu, sai su ɗauki abin da ya biyo baya. A Amurka ana faɗa wa matuƙa hakan, kuma a can maganar tana da ɗan kama, domin yawanci tsadar haya ce ko son zama kusa da dangi ke sa mutum ya ƙi ƙaura.

A arewacin Zamfara wannan magana ba ta da wurin zama. Mutumin da ya kwashe matarsa da 'ya'yansa daga ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi ya kai su Ƙaura ko Gusau, 'yan bindiga ne suka kore shi. Kuma abin bai tsaya kan direbobi ba. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya da na ƙananan hukumomi da dama haka suke rayuwa, iyali a nan, aiki a can. Su ba sitaf ba ne a tasha, suna biya, amma albashin da ke ƙarewa kafin wata ya raba yakan mayar da su masu neman ragi, su ma su shiga sahun masu kallon fuskar ɗan kamasho.

Ga kuma hanya. Daga Ƙaura zuwa Shinkafi ta Moriki, ko daga Zurmi zuwa Jibiya, ba hanyoyi ba ne da ake shiga a kowane lokaci. Akwai sa'o'in da ake tafiya, akwai waɗanda ba mai hankalin da zai fita, kuma idan abin ya yi zafi motoci kan taru su jira rakiyar jami'an tsaro. Matuƙin da jirgi ya bari a Chicago yana iya samun wani bayan awa ɗaya ko biyu. Wanda motocin safe suka bari a Ƙaura yana iya rasa ranar gaba ɗaya. Ranar Alhamis, da kasuwar Shinkafi ke ci, ko mai kuɗi a hannu sai ya yi da gaske, balle mai jiran alfarma. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a jihar, ko kiran ɗan kamasho a ce ya riƙe wa mutum wuri ba ya yiwuwa.

Gajiyar da ba ta shiga lissafi

Abin da ya fi wulaƙancin tasha haɗari shi ne halin da mutum ke isa bakin aiki a ciki.

Ranar 12 ga Fabrairun 2009, wani jirgin kamfanin Colgan Air da ya taso daga Newark ya faɗi kusa da Buffalo a jihar New York, mutum 50 suka mutu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da gudunsa ya ragu. Amma binciken ya tono wani abu. Mataimakiyar matuƙin, wadda albashinta na shekara bai wuce kimanin dala 16,000 ba, tana zaune ne kusa da Seattle, a ɗaya gefen ƙasar. A daren da ya gabata ta ratso Amurka a jiragen dakon kaya kafin ta isa wurin aiki. Kyaftin kuwa a Florida yake zaune. Daga cikin matuƙan kamfanin 137 da ke tashar Newark, 93 daga wasu garuruwa suke zuwa.

Bayan haɗarin an tsaurara dokar hutu. Daga 2014 sai matuƙin jirgin fasinja ya samu hutun awa 10 kafin ya kama aiki. Sai dai dokar ba ta taɓa batun tafiyar da mutum ke yi daga gidansa ba, an bar masa ita a wuyansa.

A kawo wannan gida. Direban da ya tsaya a tasha tun asuba, ya samu wuri da hantsi a matse tsakanin birki da fasinjan gaba, ya isa Shinkafi ƙafa ta sage, shi ne zai karɓi makulli ya ɗauko mutane. Kuma tunda ya makara, zai taka mota ne don ya riga magariba, a kan hanya mai ramuka. Babu mai tambayarsa ƙarfe nawa ya tashi. Haka ma'aikaciyar jinyar da za ta karɓi aikin dare a babban asibitin Zurmi bayan ta wuni a hanya. Awoyin da ta yi a tasha ba sa cikin takardar kowa, amma suna jikinta lokacin da za ta auna wa yaro magani.

Maganin abin kuma ba sauke fasinja ba ne. Ranar 9 ga Afrilun 2017 a filin jirgin O'Hare na Chicago, an buƙaci kujeru huɗu a wani jirgin United Express mai zuwa Louisville, domin wasu ma'aikata huɗu da kamfani ke son kai wa bakin aiki. Fasinjoji sun riga sun zauna. Da wani likita, David Dao, ya ƙi tashi, jami'an tsaron filin suka ja shi a ƙasa, ya fita da karyayyen hanci da haƙora biyu a zube. Bidiyon ya zaga duniya. Daga baya kamfanin ya kafa ƙa'idar cewa a tanadar wa irin waɗannan ma'aikata kujera aƙalla minti 60 kafin tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsohuwar da ta biya kuɗinta ta zauna a motar Zurmi, bai halatta a ce mata “Hajiya, ki sauko ki jira ta gaba” don ɗan gida ya iso ba.

Abin haushin shi ne Ƙaura Namoda ta taɓa ganin tsarin da ya fi wannan. Layin dogon da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya iso garin a 1929, nan ne kuma ƙarshensa. Hukumar jirgin ƙasa, duk da aibobinta, ta san cewa wanda zai tuƙa jirgi sai ya kwana kusa da shi, shi ya sa ta gina wa ma'aikatanta kwatas a manyan tashoshi. Da sufurin ya koma kan kwalta, aka ɗauki fasinja da kaya, aka bar wannan tunanin a bakin dogo.

Gyaran bai kai girman da ake zato ba. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a kowace tasha yana da littafin da yake rubuta layin motoci. Ƙara shafi ɗaya na 'yan gida, wanda ya fara zuwa ya fara tafiya, ba zai ci ko kwabo ba, kuma zai sauke wa ɗan kamasho nauyin zama alƙali a kan abokan aikinsa. Idan an yarda direba ya cancanci kujera, a cire kuɗinta ko rabinsa daga abin da yuniyan ke tarawa kullum, maimakon a ɗora wa direban da layi ya faɗo kansa. Masu motoci kuma, da ke samun balas daga wannan zirga-zirga, ɗaki ɗaya da tabarmi da ruwa kusa da tasha a Shinkafi da Zurmi bai fi ƙarfinsu ba idan suka haɗa hannu.

Akwai wani abu da ƙungiyoyin matuƙa a Amurka suka sa a cikin yarjejeniyoyinsu da kamfanoni da dama: idan ma'aikaci ya nuna ya nemi gurbi a jirage biyu da za su iya kai shi kan lokaci bai samu ba, ba za a hukunta shi ba, ko da zai rasa kuɗin aikin ranar. Hukumomin ilimi da na lafiya a Zamfara suna iya aron wannan. Malamin da ya zo tasha da wuri, hanya ta rufe ko mota ta ƙi samuwa, bai kamata a haɗa shi a layi ɗaya da wanda ya kwanta a gida ba. A yanzu tsoron takardar tuhuma ne ke sa wasu shiga motar ƙarshe da la'asar sakaliya, ko su hau babur su bi hanyar da sun san bai kamata su bi ba.

Gwamnatin Dauda Lawal ta ƙaddamar da aikin filin jirgin sama a Gusau a 2024, kuma duk filin jirgi sai da nasa masu ƙofa da nasa masu jiran gurbi. Su dai za su tarar da ƙa'ida a rubuce, da jerin sunaye a kwamfuta, da wanda za a kai wa ƙara. Ma'aikatan da za su share filin, su yi gadinsa, su tuƙo fasinjojinsa daga Shinkafi da Zurmi, su ta tashar Ƙaura za su biyo, kuma a can har yanzu littafin bai da shafinsu.