Zakuna Biyar Da Abin Da Aka Ɓoye Mana

A wannan wata na yi niyyar mu ci gaba da maganar kuɗin jarrabawa da muka faro, to amma wani abu ya faru a gidana wanda ya sa na jingine ta sai wani jiƙon, in Allah ya kai mu. Wanda ya ga malamin makaranta da furfura a gemu yana zancen katun, don Allah kada ya yi saurin juya shafi.

Sa'ad da muke yara a zangon Kumasi, wajen 1988, gida ɗaya ne ke da bidiyo a layinmu, gidan wani Alhaji mai fataucin goro zuwa Ikko. Yaran motarsa kan dawo da kaset-kaset, na Indiya da na 'yan Sin masu faɗa, har da wasu na katun da aka ɗauko daga talabijin. Ranar Alhamis da yamma, da yake babu makarantar allo, akan bar mu mu shiga. Sharaɗi uku ne, a wanke ƙafa, ban da cin gyaɗa, ban da surutu. Na ukun nan ba a taɓa cika shi ba. Mukan zauna a tabarma mu kusan ashirin, ƙanana a gaba, kowa na addu'ar kada a ɗauke wuta.

Wanda ya fi tafiya da hankalinmu shi ne Voltron. Samari biyar ne masu tuƙa zakuna biyar na ƙarfe, baƙi da ja da kore da shuɗi da rawaya. In faɗa ya yi tsanani sai zakunan su haɗe su zama wani ƙaton mutum-mutumi, biyu hannuwa, biyu ƙafafu, baƙin ya zama gangar jiki da kai, sa'an nan ya zare takobi ya raba dodo gida biyu. Kullum haka ake ƙarewa, kuma kullum sai mun yi ihu kamar ba mu taɓa gani ba.

Mu dai a saninmu abin Amurka ne, tun da Turanci suke yi. Turancin ma ba irin na malamanmu ba, mai gudu ne, ta hanci. Saboda haka dole sai da tafinta, kuma tafintan shi ne yayana, wanda ya ba ni shekara takwas. Yakan tsuguna kusa da akwatin yana juya mana da Hausa, kuma duk ya raɗa musu suna. Mugun sarki Zarkon shi ne Fir'auna, tsohuwa Haggar ita ce Inna Mayya, Keith shugabansu Madugu, Hunk Ɗan Lukuti, ɗan ƙaramin nan mai tabarau kuwa Auta. Akwai Sven, matuƙin shuɗin zaki, mai wani irin harshe kamar an sa masa tsakuwa a baki, shi Yaya ya kira shi Na-Shiru. Bayan na girma na gane inda Turanci ya fi ƙarfin Yaya sai kawai ya ƙaga nasa. Na tuna ran da ya ce mana wai Fir'auna na faɗa ne don an ƙi biyan shi kuɗin haya.

To, ba a yi nisa da labarin ba sai Inna Mayya ta yi wa Na-Shiru kwanton ɓauna ta ji masa mummunan rauni. Muka yi tsit. Sai aka ce an ɗauke shi zuwa wata duniya domin a yi masa magani, Gimbiya Allura ta karɓi zakinsa. Can gaba, a wani kaset, sai ga shi ya dawo, ya yi baƙi ya rame, amma da ransa. Ranar har rawa muka yi.

A daminar shekarar da ta biyo baya Yaya ya kwanta da zazzaɓi. Ina da shekara bakwai zuwa takwas. Kwana huɗu aka yi sai aka tura ni gidan gwaggona a wani gari, na yi kusan wata guda. Da na dawo na tarar an naɗe tabarmarsa. Na tambayi Inna, ta ce an kai shi Arewa a yi masa magani. Ban yi kuka ba ko kaɗan, don ni na riga na san yadda irin wannan ke ƙarewa. Ai Na-Shiru ma an kai shi magani, kuma ya dawo. Na ci gaba da zuwa gidan Alhaji ina haddace abin da ya wuce domin in ba shi labari. Sai da shekara ta kewayo, aka tara malamai a zaurenmu, ina raba goro, na ji liman ya ambaci sunansa cikin waɗanda ake roƙa wa rahamar kabari. A haka na ji. Ba wanda ya zaunar da ni, kuma har Inna ta koma ga Allah ba mu taɓa yin zancen ba.

Abin da ya tono wannan duka shi ne babban ɗana. Makon jiya ya same ni ina kallon tsohon Voltron a wayar hannu, ya yi dariya ya ce, "Baba, ai wannan gurɓatacce ne, tsaya ka ga na ainihi." Ya nemo mini na Japan, mai fassara a rubuce a ƙasa. Sunansa GoLion, kamfanin Toei ne ya yi shi a 1981, kashi 52. Wani kamfanin Amurka, World Events Productions, shi ya saye shi ya yayyanke, ya ɗora masa muryoyin Turanci, ya fitar da shi a 1984. A na ainihin sunan Na-Shiru Takashi Shirogane, kuma a kashi na shida ya mutu, mutuwa ta sosai, a gaban abokansa. Wanda muka yi wa rawa cewa ya dawo, ashe ƙanensa ne mai suna Ryo, da yake sun yi kama sai 'yan Amurka suka ce shi ne. Shi ma ƙanen a ƙarshen labari ya mutu, nan ma suka gyara suka ce ya tsira. Hatta mafarin labarin an sauya shi, domin a na Japan samarin sun dawo ne suka tarar yaƙin duniya na uku ya ƙone duniyarmu ƙurmus a 1999. Sojojin da ake kashewa kuwa aka ce mana wai duk injuna ne, ba masu rai ba.

Na ajiye wayar na fita tsakar gida na daɗe. Yaron ya zaci fushi na yi.

Daga baya na bi diddigi, irin halinmu na malamai, na ga ba Voltron kaɗai aka yi wa wannan aski ba. A 1978 an ɗauki wani mai suna Gatchaman, na 1972, aka mai da shi Battle of the Planets. Kashi 105 ne aka rage zuwa 85, kuma saboda yawan abin da aka yanke sai aka zana wani ɗan mutum-mutumi aka cusa shi ciki domin ya cike gurbi, ya riƙa kwantar wa yara hankali cewa an kwashe mutanen gari kafin a rusa shi. Robotech na 1985 ya fi ban mamaki. Labarai uku ne da ba su haɗa komai ba aka ɗinke su wuri guda, saboda tashoshin Amurka na son aƙalla kashi 65, wato na nunawa kwana biyar a mako har mako 13, alhali na farkon, Macross, kashi 36 ne kacal. A Dragon Ball Z na farkon zuwansa Amurka, in an kashe mutum sai a ce an aika shi wata duniya. A Pokémon kuwa, curin shinkafar nan da Japanawa ke ci, ga shi ana gani ƙuru-ƙuru, aka ce wai fanke ne mai zaƙi a ciki. Dalili dai bai wuce biyu ba, tsoron ƙorafin iyaye da masu kula da shirye-shiryen yara, da kuma son a sayar da kayan wasa ba tare da an tsorata mai saye ba. Su ma Japanawan ba duka suka ji daɗi ba. Bayan an yanke fiye da minti ashirin daga fim ɗin Nausicaä a 1985, Hayao Miyazaki da abokan aikinsa suka kafa doka cewa duk mai son fim ɗinsu ya nuna shi yadda yake ko ya bar shi.

Ɗana da tsararrakinsa suna ganin duk wannan cin amana ne, ba sa kallon komai sai da muryar Japan. Ni ban bi su duka ba. Sauya suna da sauya abinci bai dame ni ba, labari in ya yi tafiya dole ya sa rigar garin da ya sauka. Mu da muke zaune da Asante mun san yadda Gizonmu da Ananse nasu suke musayar wayo, ba wanda ya kai ƙara. Masu juya fina-finan Indiya da Hausa a Kano, waɗanda matan zango ke kallo yanzu, su ma haka suke yi, har ka ji ɗan Bombai yana rantsuwa irin ta 'yan Kurmi. Kuma in za a yi shari'ar masu gurɓata Voltron, to Yaya na cikin waɗanda za a fara kamawa. Abin da muka so ba na Japan ba ne, ba ma na Amurka ba ne sosai, wani na uku ne da aka yi a ɗakin Alhaji, kuma babu kaset ɗinsa ko'ina. Ba na kuma mantawa cewa a bakin waɗannan zakuna kunnena ya fara sabawa da Turanci, tun kafin in san zan shiga kwalejin horon malamai in ci abinci da shi.

Ɓoye mutuwa ne ban yafe ba, ko in ce ban gama yafewa ba. Na san da kyakkyawar niyya aka yi, a can da nan. Inna ba ta taɓa jin sunan wani kamfanin Amurka ba, amma ita da su maganarsu ta zo ɗaya, an kai shi magani. Tausayi ne, kuma wataƙila ita kanta bakinta ne ya kasa furta kalmar. Sai dai fa yaro ba ya tsayawa inda babba ya ajiye shi. In ka ce masa an tafi, zai fara lissafin ranar dawowa. Ni shekara guda na yi ina leƙen kowace motar Arewa da ta tsaya a bakin titi. Abin mamaki, yaran Japan masu shekaruna an bar su sun ga mutuwar Shirogane sun yi kukansu, mu kuwa da muke bin gawa da ido kusan kowane mako a layinmu, mu ne aka ga ba za mu iya ɗauka ba. A makarantar allo an koya mana kowane rai zai ɗanɗani mutuwa, amma da ta shigo ɗakinmu sai aka sauya mata suna.

Ana cewa abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma a ajina na sha ganin abin da yaro ke ɗauke da shi wanda babba bai ko leƙa ba.

Akwai wani yaro a ajina yanzu haka. Mahaifinsa ya tafi neman kuɗi ta hanyar hamada, kuma labari tabbatacce ya iso wa manya tun watannin baya. Mahaifiyarsa ta aiko a roƙe ni, in ya yi zancen in ce masa baba na Libiya yana aiki. Sau biyu yana yi mini zancen, sau biyu ina kawar da kai in ce a buɗe littafi. Duk takardar gwajin da ya ci da kyau ba ya kai ta gida, ninke ta yake yi ya sa a bayan littafin lissafi, wai sai baba ya dawo.

Washegarin ranar da na kalli mutuwar Na-Shiru na nemi kawun yaron a masallaci bayan Isha'i, na ba shi labarin Yaya tun daga farko. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Malam, nauyin bakin ne ya hana mu." Na ce in sun yarda zan zo in zauna tare da su, shi ya faɗa, ni in riƙe hannun yaron. Ya ce sai ya shawarci uwar. Jiya ya aiko cewa in zo ranar Asabar bayan La'asar.