Batir Shi Ne Rumbun Wutar Sola

Tun da aka janye tallafin fetur bayan rantsar da sabuwar gwamnati a 2023, janareta ya gagari talakan Lafiya, jama'a suka karkata ga sola. To, 'yan Arewa mazauna Ikko da Ibadan masu aika kuɗi gida su lura: farantin sola da rana yake aiki, batir ne ke ajiye wutar dare. Batirin gwanjo ba ya jure zafin Lafiya, araha kuwa ba ta ado. Na litiyam ya fi ƙarko, sai dai tsada. Alhali a Jihar Nasarawa ake haƙo litiyam, an ma buɗe masana'antar sarrafa shi a 2024. Ya kamata hukuma ta sa a riƙa harhaɗa batirin a gida, ko farashi ya sauko.